Yadda Iyali Za Su Yi Tattali Ba Tare Da Mallakar Mota Ba

Bayan kuɗin muhalli da na abinci, mota tana cikin abubuwan da suka fi cin dukiyar gida, kuma cinta ba ya tsayawa ko an hau ta ko ba a hau ba. Marigayi Donald Shoup, masanin tsara birane na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya yi fice wajen jan hankalin mutane ga cewa motar gida tana shafe kusan kashi 95 cikin 100 na lokacinta a ajiye. A duk tsawon wannan ajiya darajarta tana raguwa, wa'adin takardunta yana ƙaratowa, batirinta yana sanyi, robar tayoyinta kuma tana tsufa. Abin da iyali ke nema a zahiri shi ne su isa wurin aiki da makaranta da kasuwa da asibiti a kan lokaci kuma lafiya ƙalau, mota kuwa hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin cim ma wannan buƙata. Sai dai dole a faɗi gaskiya tun farko, cewa gidan da ya rabu da mota ba tare da shiri ba zai sha wuya, kuma galibi kafin shekara ta zagayo zai koma neman bashin sayen wata. Abin da ke sa wannan rayuwa ta ɗore shi ne tsari, ga kuma yadda ake yin sa daki-daki.

Mataki na farko: a fitar da ainihin abin da mota ke ci

Yawancin masu mota idan aka tambaye su nawa take ci musu, kuɗin mai kawai suke ambata, domin shi ne suke zarowa daga aljihu kowane mako. Ku zauna ku biyu, maigida da uwargida, da takarda da biro, ku raba lissafin gida biyu. A gida na farko ku rubuta abin da ake biya ko motar ba ta motsa ba: inshora, sabunta takardu da lasisin tuƙi, kuɗin wurin ajiya idan akwai, da abin da ake biya a kan bashin da aka saye ta da shi. A nan ne kuma za ku saka faɗuwar daraja, wadda ita ce ɓoyayyiyar asara mafi girma ga mota sabuwa ko mai ƙarancin shekaru. Hanyar gane ta ba wuya: ku cire abin da za a taya motar yau daga abin da kuka saye ta, ku raba abin da ya rage da yawan watannin da ta yi a hannunku. A ƙasashen da kuɗi ke saurin rasa ƙima, mutum yakan ga kamar motarsa ta ƙara tsada, amma idan ya duba abin da zai biya kafin ya sami irinta a yau, zai gane cewa ba riba ya ci ba.

A gida na biyu ku rubuta abin da ke ƙaruwa gwargwadon tafiya: mai, juyen baƙin mai, taya, batir, birki, wanki, kuɗin bakanike da na kayan gyara, har da tarar da akan ci ku lokaci-lokaci. Kada ku dogara da watan da ya wuce kaɗai, domin manyan gyare-gyare ba kowane wata suke zuwa ba. Ku tattara na shekara guda cur, ku raba shi gida 12. Wanda bai taɓa mallakar mota ba, yana dai shawarar saye ne, sai ya nemi mai irin motar da yake so wanda zai gaya masa gaskiya, ya kuma tambayi bakanike abin da irinta ta fi yawan lalatawa.

Akwai ƙarin lissafi ɗaya da nake ganin ya fi sauran buɗe ido. Ku ɗauki jimlar ta wata ku raba ta da abin da kuke samu a awa ɗaya ta aiki. Amsar ita ce yawan awannin da kuke yi wa motar aiki kowane wata. Idan, a misali, mota tana cin kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke shigowa gida, to, a makon aiki mai kwana biyar, yini guda sukutum nata ne. Wannan lokaci ya kamata a haɗa shi da lokacin da ake ɓatawa a cunkoso da garejin bakanike kafin a yanke hukunci cewa mota tana rage ɓata lokaci.

Mataki na biyu: a rubuta tafiye-tafiyen gida na mako huɗu

Kafin ku san abin da zai maye gurbin mota, sai kun san aikin da take yi. Ku liƙa takarda a inda kowa zai gani, duk wanda ya fita ya rubuta inda ya je, da ƙarfe nawa, da nisan wurin, da mutum nawa suka tafi, da kuma ko an ɗauko kaya masu nauyi. Taswirar wayar salula za ta ba ku nisan kowace tafiya. Bayan mako huɗu sai ku kasa su gwargwadon nisa. Babban mutum mai lafiya yana cin kusan kilomita 5 a awa ɗaya da ƙafa, wato kilomita ɗaya cikin minti 12 zuwa 15, saboda haka duk abin da bai wuce kilomita 2 ba tafiyar ƙafa ce. Mai keke da ba ya gaggawa yana cin kusan kilomita 15 a awa, don haka wurin da ke da nisan kilomita 5 tafiyar minti 20 ce kawai, kuma har zuwa kilomita 8 keke yana iya ɗaukar nauyin zirga-zirgar yau da kullum. Abin da ya haura haka sai bas ko jirgin ƙasa. Sauran, wato tafiyar dare, da ɗaukar kaya masu yawa, da ziyarar nesa, su ne na tasi ko motar haya.

Abin da iyalai da yawa ke tararwa shi ne, wurare huɗu ko biyar ne kacal suke maimaitawa kullum, tafiye-tafiyen da ba za su yiwu ba sai da mota kuma ba su taka kara sun karya ba. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin ku ja musu layi da jan biro, domin a kansu ne sauran shirin zai tsaya.

Mataki na uku: gwaji kafin sayarwa

Mai mota kada ya yi gaggawar sayar da ita. A ajiye makullin a aljihun tebur na wata ɗaya ko biyu, a yi rayuwa kamar babu ita, duk ranar da tilas ta sa aka ɗauko makullin kuma a rubuta dalili. Ya fi kyau gwajin ya faɗo a lokacin da yanayi ya fi tsanani a inda kuke, ko na ruwan sama ne ko zafi ko sanyi, kuma a lokacin da yara suke zuwa makaranta, domin gwajin da aka yi a hutu ba ya nuna komai.

Mataki na huɗu: wurin zama, wanda shi ne ginshiƙin al'amarin

A nan ne ya kamata a fi daɗewa ana tunani, domin gidan da ke wurin da ya dace yana warware rabin matsalar tun kafin ta taso, gidan da ke can bayan gari kuwa babu dabarar da za ta cece shi. Masu tsara birane sukan auna da cewa mutum yana jure tafiyar kusan mita 400 zuwa inda bas ke tsayawa, wato minti 5 ke nan, da kusan mita 800 zuwa tashar jirgin ƙasa. Farfesa Carlos Moreno na Jami'ar Sorbonne da ke Faris ya fito da tunanin birnin minti 15 a shekarar 2016, inda ya ce kamata ya yi mazaunin birni ya iya samun muhimman buƙatunsa cikin tafiyar kwata na awa da ƙafa ko a keke. Iyali ba za su iya sake fasalin garinsu ba, amma suna iya amfani da wannan ma'auni wajen zaɓen unguwa. Ku buɗe taswira, ku zana da'ira mai faɗin kilomita ɗaya daga ƙofar gidan da kuke ciki ko wanda kuke son kamawa, ku duba abin da ya faɗo a cikinta: makarantar yara, wurin sayen kayan masarufi, kantin magani, ƙaramin asibiti, wurin ibada, filin da yara za su yi wasa, da matsayar bas. Idan biyar daga cikin bakwai ɗin nan suna ciki, wurin ya yi.

Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne duba kuɗin haya shi kaɗai. Gidan da ke gefen gari yakan fi arha, amma rangwamen da aka samu a haya yakan zurare a kuɗin mota, a ƙara da awannin da uba da uwa ke rasawa a hanya safe da yamma. Ku riƙa haɗa haya da sufuri a matsayin kuɗi ɗaya idan kuna kwatanta gidaje biyu. Sau da yawa gida mai ɗan matsi a tsakiyar gari, ko da ɗaki ɗaya ya rage, yakan fi babban gida mai nisa sauƙi idan an kammala lissafi.

Game da bas, yawan zuwansa ya fi kusancin matsayarsa muhimmanci. Bas ɗin da ke wucewa kowane minti 10 ba ya buƙatar a haddace jadawalinsa, fita kawai za a yi a tsaya, amma wanda ke zuwa sau ɗaya a awa, idan ya kuɓuce muku to ranar ta lalace. Saboda haka kada ku amince da abin da mai gida ko dillali ya faɗa. Ku je da kanku sau uku: da sassafe a ranar aiki ku ga ko ana samun wuri ko bas yana zuwa a cike, da dare ku ga ko akwai fitilu a titi da mutane suna kai-kawo, sannan a ranar hutun ƙarshen mako, lokacin da motoci sukan ragu. Ku tambayi ƙarfe nawa na farko ke tashi, ƙarfe nawa na ƙarshe ke dawowa. Unguwar da hanyoyin bas biyu daban-daban suka ratsa ta fi wadda ke da ɗaya, domin ranar da ɗaya ta tsaya saboda gyaran titi ko yajin aiki, akwai mafita. Ku kuma taka hanyar makaranta da ƙafarku kuna kallonta da idon yaro ɗan shekara bakwai: ina zai tsallaka, akwai gefen titi na masu tafiya a ƙasa, ina ruwa ke taruwa idan an yi sama.

Ba kowane gida ne wannan tsari zai yi wa daidai ba, kuma babu amfanin ɓoye hakan. Wanda ke zaune a karkarar da abin hawa ba ya shiga sai jefi-jefi, da mai aikin dare a wurin da bas ba ya zuwa, da mai sana'ar da ke yawo da kayan aiki masu nauyi, da gidan da ke da mara lafiya ko tsoho da ake kaiwa asibiti a kai a kai, duk suna iya ganin cewa mota ta fi musu sauƙi har a lissafin kuɗi. Irin waɗannan, abin da za su amfana da shi shi ne rage mota biyu zuwa ɗaya, ko babba zuwa ƙarama.

Mataki na biyar: a ba kuɗin da aka tsira da su aiki

Idan ba a ware kuɗin da mota take ci a da ba, za su narke cikin cefane da ƙananan buƙatu, bayan wata shida kuma iyali su ga ga gajiyar tafiya, ga babu abin da aka tara. Tun watan farko ku buɗe asusu na daban, ranar da albashi ko ribar sana'a ta shigo ku zuba adadin da lissafin mataki na farko ya nuna, ku kasa shi uku. Kaso na farko na zirga-zirgar kullum ne, wato tikitin bas da na jirgi da gyaran keke. Inda ake sayar da katin wata ko na mako, ku ƙirga tafiye-tafiyenku ku ga ko ya fi biyan ɗai-ɗai sauƙi, ku kuma tambayi rangwamen ɗalibai da na yara da na tsofaffi, domin sau da yawa akwai shi amma ba a ba wanda bai nema ba. Kaso na biyu na tasi da motar haya ne. Kaso na uku shi ne ribar, wanda za a tura biyan bashi ko kuɗin makaranta ko ajiyar sayen muhalli.

Ina so in jaddada kaso na biyu, domin a nan masu tsananin tattali suke cutar da kansu. Ranar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko uwa ta dawo da yara biyu da kaya a gajiye, a hau tasi ba tare da jin an yi almubazzaranci ba, don dama saboda irin wannan rana aka ware kuɗin. Gidan da aka hana kowa wannan sauƙi, ba da daɗewa ba mutanensa za su tsani tsarin baki ɗaya, kuma suna da gaskiya.

Mataki na shida: kayan da za a tanada

A fara da takalmi mai daɗin tafiya ga kowa, da lema ko rigar ruwa, da jakar goyo mai faɗin maɗauri, da ɗan keken jan kaya mai taya biyu. Jakar yaro kada ta wuce kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin jikinsa, kamar yadda likitocin yara suka saba ba da shawara.

Sai keke. Ba a buƙatar mai tsada ko na tsere, abin nema shi ne mai ƙwari wanda kayan gyaransa ke samuwa a kusa, kuma na hannu mai lafiya ya wadatar. Ya kasance da kariya a baya, wato maɗorin kaya, wadda galibi takan ɗauki kusan kilo 25, da madgadi don kada taɓo ya ɓata tufafi, da fitila fara a gaba da ja a baya, da ƙararrawa, da kwaɗo mai ƙarfi. Idan za a kulle shi, a haɗa gangar jikinsa da wani ƙarfe da ke kafe a ƙasa, domin wanda ya kulle tayar gaba kaɗai, ita kaɗai zai tarar. A daidaita tsayin sirdi ta yadda gwiwa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, saboda sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ke kawo ciwon gwiwa. Kowane mako a duba iskar taya, adadin da ya dace yana rubuce a gefenta, a goge sarƙa a ɗiga mata mai, a matsa birki a ji ko yana kamawa. Faci abu ne da ya kamata kowane babba a gidan ya iya, kayansa kuwa famfo ne da gam da ƙyallen roba da 'yan ƙarafan cire taya. Hular kwano wajibi ce ga babba da yaro, a ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa.

Gidan da ke da ƙananan yara biyu ko uku zai iya duba keken ɗaukar kaya mai akwati a gaba, irin wanda ya zama ruwan dare a Holan da Denmak, inda iyaye ke kai yara makaranta da shi. Inda akwai hawa da gangara ko nisa ya yi yawa, keke mai batir yana rage wahala ƙwarai. A Tarayyar Turai injinsa yana daina taimakawa idan gudu ya kai kilomita 25 a awa, kuma kowace ƙasa tana da tata doka da ya kamata a bincika kafin saye. Batirinsa a riƙa caja shi da cajarsa ta asali, kada a bar shi a jone ana barci, kada kuma a ajiye shi a bakin ƙofar fita, domin irin wannan batir idan ya kama da wuta yana da wuyar kashewa.

Mataki na bakwai: sayayya

A raba sayayya biyu. Kaya masu nauyi da ba sa lalacewa, irin su hatsi da mai da sabulu, a saye su da yawa sau ɗaya a wata, a sa a kawo su gida ko a ɗauki tasi guda a kwaso su, idan da hali a haɗa da maƙwabci a raba kuɗin. Ɗanyen kaya kuwa a riƙa saye kaɗan-kaɗan a hanyar dawowa daga aiki. Ku tuna cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka abin sha shi ke fara karya kafaɗa. Mai ɗaukar kaya da hannunsa ba ya sayen abin da bai rubuta ba, wannan ma wani tattali ne da ke zuwa da kansa, kuma abincin da ke ruɓewa a gida yakan ragu.

Mataki na takwas: yara da lafiyar hanya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kusan mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Iyalin da suka zaɓi ƙafa da keke ba su da damar yin sakaci da wannan. Yaron da bai kai kusan shekara 10 ba bai gama iya kintatar gudun mota da nisanta ba, don haka kada a bar shi ya tsallaka babban titi shi kaɗai. A riƙe hannunsa, a sa shi ta ɓangaren da ke nesa da motoci, a riƙa faɗa masa da baki abin da ake yi: mun tsaya, mun duba nan, mun duba can, mun saurara, yanzu mu wuce ba da gudu ba. Inda babu gefen titi na masu ƙafa, a yi tafiya ana fuskantar motocin da ke tahowa. Da dare a sa tufafi masu haske ko ɗamara mai ƙyalli. Hanya mai ɗan zagaye ta cikin unguwa ta fi gajeriya da ke bin babban titi, ko da za ta ƙara minti biyar.

Kai yara makaranta yana sauƙi idan gidaje uku ko huɗu suka haɗa kai, kowace rana babba ɗaya ya bi gida-gida ya tattara su ya raka su, washegari wani ya karɓa. Idan yaro ya girma, a koya masa hawa bas a matakai: ku tafi tare sau da yawa, sannan ya jagorance ku kuna biye, sannan ya tafi shi kaɗai da lambar wayarku a rubuce a jakarsa da ɗan kuɗin ko-ta-kwana. Jariri da ƙaramin yaro suna buƙatar kujerarsu ta mota duk ranar da za a hau ta haya ko ta wani, don haka ko babu mota a gida, kujerar tana cikin kayan da za a mallaka.

Akwai riba a nan da ba ta shiga lissafin kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, yaro mai shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a kullum. Wanda ke tafiyar minti 15 zuwa tasha da safe, da wani 15 da yamma, kwana biyar a mako, ya cika nasa ba tare da ya ware wani lokaci ba.

Mataki na tara: shirin tsakar dare

Tambayar da ta fi hana iyaye barin mota ita ce: idan yaro ya kamu da rashin lafiya da ƙarfe biyu na dare fa, ko naƙuda ta taso? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba ranar da abin ya faru ake neman amsarta ba. Ku tanadi hanyoyi uku tun yanzu. Ta farko lambar gaggawa ta ƙasarku da ta motar ɗaukar marasa lafiya, inda akwai ta. Ta biyu direbobin tasi biyu da kuka saba da su, waɗanda kuka yi magana da su ƙarara suka amince a tashe su da dare, tare da manhajar kiran mota a waya idan tana aiki a garinku. Ta uku maƙwabci ko ɗan'uwa mai mota wanda aka nemi izininsa tun da rana tsaka. A rubuta lambobin a takarda a manna a bango, domin waya takan mutu, kuma mutum a ruɗe yakan manta abin da ya sani. A ajiye kuɗin zuwa da dawowa a ambulan na takarda da ba a taɓawa, a san asibitin da ke buɗe awa 24 mafi kusa da hanyar zuwansa, a kuma tanadi akwatin taimakon farko da ma'aunin zafin jiki. Mai juna biyu, tun daga wata na takwas jakarta ta zama a shirye, direban da za a kira kuma ya san an kusa.

Mataki na goma: haya, karo-karo da aron motar mutane

Don tafiyar nesa, a sayi tikitin bas ko jirgin ƙasa da wuri, a guji ranakun da kowa ke tafiya idan zai yiwu. Idan iyali suna da yawa, a kwatanta jimlar tikitinsu da kuɗin ɗaukar shatar mota, domin wani lokaci shatar ta fi sauƙi. Mai lasisin tuƙi kada ya bari ya mutu, zai buƙace shi ranar hayar mota. Kafin a karɓi motar haya a ɗauki hotonta ta kowane gefe, a karanta abin da inshorarta ta ƙunsa da wanda ba ta ƙunsa ba. A wasu birane akwai ƙungiyoyin da mambobi ke amfani da motoci na haɗin gwiwa suna biya gwargwadon awa da nisa, tsarin da ya kafu a Suwizalan tun 1987, ya kuma bazu zuwa ƙasashe da dama.

Batun aro yana buƙatar kula, domin a nan zumunci ke ɓaci. Wanda ya zaɓi zama babu mota don ya yi tattali, bai dace ya ɗora nauyin zaɓinsa a kan wanda ke biyan kuɗin tasa ba. Idan abokin aiki yana rage muku hanya kullum, ku yanka masa wani abu na mai kowane wata tun kafin ya nema, ku kuma riga shi fitowa bakin titi. Motar da aka ara a mayar da ita a wanke, da mai fiye da yadda aka same ta, idan wani abu ya lalace a faɗa a kuma gyara. Roƙon alfarma a bar shi ga lalura ta gaske.

Mataki na ƙarshe: maganar mutane da bitar tsari

Za a yi magana, domin a wurare da yawa ana auna matsayin magidanci da abin da ya hau. Amsa gajeriya ta isa: mun yi lissafi, wannan ya fi mana. Waɗanda ya wajaba a gamsar su ne mutanen gida, musamman wanda nauyin kai yara da ɗauko kaya ya fi faɗawa a kansa, wanda a gidaje da yawa uwa ce. Idan ita ke shan rana da ruwa, wani kuma yana ƙirga ribar, tsarin bai yi adalci ba, kuma sai an sake raba aikin ko an ƙara kason tasi. Yara ma a nuna musu inda kuɗin ke tafiya, domin wanda ya san dalili ya fi haƙuri da tafiya.

Kowane wata shida ku sake zama da takardar nan ta farko. Ku haɗa duk abin da kuka kashe a bas da jirgi da tasi da haya da gyaran keke, ku ajiye shi kusa da abin da mota za ta ci a farashin yau, ku kuma duba abin da ya taru a kaso na uku. Ku tambayi kowa tafiyar da ta fi ba shi wahala, ku nemi maganin wannan guda ɗaya kafin zama na gaba, ko ta sauya lokacin fita, ko ƙarin keke, ko neman izinin yin aiki daga gida kwana ɗaya ko biyu a mako. Idan kuwa aka yi wata uku a jere kuɗin tasi da haya suna kai abin da mota za ta ci, ko aiki ya koma inda bas ba ya zuwa, ko wani a gidan ya daina iya doguwar tafiya, to lokacin sake shawara ya yi, kuma abin da aka tara a asusun shi ne zai ba ku damar sayen ƙaramar mota mai ƙarancin shan mai da kuɗi a hannu, ba tare da cin bashi ba.